Tantin Shiga Daji: Tambayoyin da Mafarauta Ke Yi Kafin Su Saya

Da an gama girbi, ciyawa ta fara bushewa, sai zancen fita daji ya tashi a majalisun mafarautan Kano. A da, bukkar ganye da gindin bishiya sun wadatar. Yanzu da ake yin kwana biyar, mako guda, wani lokaci fiye, ƙungiyoyi da yawa sun koma yin karo-karo su sayi tanti. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa, da amsoshinsu.

Mu takwas ne. In mun sayi tantin da aka rubuta yana cin mutum takwas, ya ishe mu?

Bai isa ba. Masu ƙera tanti suna lissafa wa kowane mutum faɗin santimita 55 zuwa 60 ne, a jere kafaɗa da kafaɗa kamar kifin gwangwani, ba jaka, ba takalmi, ba jarkar ruwa. Tantin da aka ce na mutum huɗu yawanci santimita 240 ne a faɗi, 210 a tsawo. Babban mutum kuwa, wanda ya yini yana ratsa daji kuma zai so ya juya cikin barci, yana buƙatar aƙalla santimita 75. Raba 240 da 75, mutum uku ke nan, su ma in kayansu na waje.

Saboda haka kada a dubi lambar da ke jikin jaka, a dubi awon ƙasan tantin. In mai shago bai sani ba, a sa shi ya shimfiɗa a auna da tef. A kuma tuna cewa gefen tanti mai siffar ƙwarya karkacewa yake yi, wanda ya kwanta a can gefe fuskarsa na taɓa yadi, don haka akwai wajen taƙi guda a kowane gefe da ba ya kwantuwa.

To babba guda ɗaya ya fi, ko ƙanana da yawa?

Abin hawa ne ke yanke wannan hukunci, ba yawan mutane ba.

In a-kori-kura ko Hilux za ta kai ku har inda za ku ya da zango, kuma ba za ku tashi daga wurin ba sai ranar komawa gida, babban tanti na da daɗi. Mai zagaye, mai sanda ɗaya a tsakiya, wanda faɗinsa mita 5 ne, filin cikinsa ya kusa murabba'in mita 20, ana miƙewa tsaye a ciki, mutum shida zuwa bakwai su kwanta da kayansu. Sai dai in na kambas ne, wato yadin auduga mai kauri, nauyinsa kan haura kilo 30, kuma ba ya rabuwa: mutum ɗaya ne zai saɓa yadin duka. Ga shi yana neman fili sharare mai faɗin mita 7 zuwa 8 in an haɗa da igiyoyi, abin da ba kullum ake samu ba a dajin da ke da sarƙaƙiya da duwatsu.

In kuwa da babura za a shiga, ko za a ajiye mota a ƙauye a ƙarasa da ƙafa, ko za a riƙa sauya zango ana bin sawu, ƙanana sun fi nesa ba kusa ba. Ga mutum takwas, tsarin da ya fi dacewa shi ne tanti uku na mutum huɗu-huɗu, da tamfol guda mai mita 4 a 6 da za a kafa rumfa da shi. Kowane tanti kilo 4 zuwa 5 ne, tamfol ɗin ma wajen haka, jimilla kusan kilo 20 da za a rarraba a kan babura uku ko huɗu. Rumfar ita ce falo: nan ake salla, nan ake cin abinci, nan ake hira, nan ake tara kaya. Tantunan na barci ne kawai.

Akwai wasu fa'idodin da ba a cika kawowa a lissafi ba. In iska ta karya sandar babban tanti, dukanku kun kwana a waje. In ta karya ta ƙarami, mutum uku ne za su matsa cikin sauran. Masu fita da fitila tsakar dare sai a haɗa su tanti ɗaya, kada su riƙa tsallake masu barci. Dattijon tafiya, ko Sarkin Dawa ne ko wani babba, ya samu wurinsa ba tare da samari suna kai-kawo a kansa ba. Mai minshari ma a san inda za a kai shi.

Kambas ya fi, ko wannan yadi mai santsi?

Kambas na auduga yana numfashi. Da rana bai cika ɗaukar zafi ba, da dare yana riƙe ɗumi, rana ba ta saurin cinye shi, kuma tartsatsin wuta ƙaramin rami yake yi masa. Aibinsa nauyi, da jinkirin bushewa, da gara. Gara na iya huda kambas a dare ɗaya in ya taɓa ƙasa mai suri a kusa. In za a saya, a nemi mai nauyin giram 280 zuwa 340 a kowane murabba'in mita. Sabonsa kan yi yoyo a ɗinki. Sai an kafa shi an jiƙa an bar shi ya bushe sau biyu ko uku zaren ke kumbura ya toshe ramukan allura. A yi wannan a gida.

Mai santsin iri biyu ne, foliyesta da nailan. Nailan ya fi rashin nauyi kuma ya fi tsada, amma rana ta fi cin sa, kuma in ya jiƙe saki yake yi sai an sake ɗaure igiya. Ga ranar Arewa, foliyesta ya fi dacewa. Dukansu biyu narkewa suke yi in wuta ta taɓa su, su ɗiga a jiki.

Mece ce ma'anar lambobin nan da ake bugawa a jikin jakar tanti, 1500mm, 3000mm, 75D?

Lambar da ke da mm ita ce ƙarfin yadin wajen hana ruwa ratsawa: tsayin ruwan da za a tara a kansa cikin bututu kafin ya fara zubowa. 1500 na iya yayyafi da ruwan da bai daɗe ba. Wanda zai fita da damina, ko masu tafiya Kudu inda ruwa kan kwana yana zuba, su nemi 3000 a rufi. Ƙasan tanti kuwa ya kamata ya kai 5000, domin gwiwa da gwiwar hannu matsa ruwa suke yi ya ratso.

D ɗin kaurin zare ne. Rufi mai 68D ko 75D ya yi. Ƙasa a nemi 150D zuwa sama. Amma lamba ba ta da wuyar bugawa a jikin jaka, kuma ruwa ta ɗinki yake shiga kafin ya ratsa yadi. A juya rufin a duba ciki: kowane ɗinki ya kamata a ga an bi shi da siririn tef mai sheƙi, a manne tsaf, ba kumfa ba ɗagowa.

Mu da rani muke fita, ba ruwa. Ina amfanin tanti mai rufi biyu?

A nan ne ma ya fi amfani. Abokin gabar mai kwana a dajin Kano daga Nuwamba zuwa Mayu ba ruwa ba ne, zafi ne da ƙura da rashin iska.

Tanti mai rufi biyu yana da ɗaki na ciki, wanda rabinsa ko fiye raga ce kamar gidan sauro, da mayafi na waje da ake ɗorawa a cire. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 kuma dare ma ba sauƙi, sai a cire mayafin a kwana cikin raga, iska na ratsawa, sauro na waje. Da hunturu, lokacin da sanyin asuba ke sauka kusa da digiri 12 ko ƙasa da haka, sai a mayar da shi. Mai rufi ɗaya ba shi da wannan zaɓi: a rufe a dahu, a buɗe ƙwari su shigo.

Sai batun gumi. Numfashin mutum uku a rufaffen tanti yana taruwa a jikin yadi in gari ya yi sanyi, da asuba ya riƙa ɗiga. Da yawa sukan ɗauka tantin ne ke yoyo alhali ko hadari babu. In rufi biyu ne, a mayafin waje raɓar ke taruwa ta gangara ƙasa. A tabbata akwai tagar iska aƙalla biyu a sama, masu ɗan abin tokarewa, kuma ƙofa biyu ta fi ɗaya.

Wani abin lura: in raga ta sauko har ƙasa, ƙurar hunturu za ta cika shimfiɗa. Mai kyau shi ne wanda yadi ne daga ƙasa zuwa wajen santimita 40 ko 50, sannan raga ta ɗora.

Malam, in sanyi ya yi tsanani, ba za mu shigar da ɗan kaskon gawayi ba?

Kada a kuskura. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma garwashin da ya lafa ba hayaƙi shi ma yana fitar da ita. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Buɗe zif kaɗan ba ya maganinta. Haka risho, haka janareto kusa da ƙofa. Fiya-fiya a rufaffen tanti ma guba ce ga mai shaƙa, maganin sauro na kunnawa kuma huda ƙasan tanti yake yi.

Sanyin dare yawanci ta ƙasa yake shiga. A ninka tabarma, a sa bargo ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, a sa hula da safa.

Sandar faiba ko ta alminiyam?

Yawancin tantunan da ke kasuwa masu sandar faiba ne, saboda araha. Faiba in ta gaji tsagewa take yi a tsaye, tsinin ya yaga yadi ya shiga hannu. In ita ce ƙarfinku, a duba kauri: milimita 8.5 zuwa 9.5 ga tantin mutum huɗu, 11 zuwa sama ga manya. Mai 7.9 na wasan yara ne a tsakar gida. Alminiyam lanƙwasa take yi kafin ta karye, kuma ta fi sauƙin ɗauka.

Kowace ce, a tafi da guntun bututun ƙarfe mai tsawon santimita 12 zuwa 15 wanda sandar ke shiga cikinsa daidai, da salatif mai ƙarfi. In ta karye a zura bututun a kan karayar a naɗe. Wajen haɗawa kuma, kada a watsa sandar ta haɗe kanta da ƙarfin robar ciki. Bakin gaɓoɓin ke fashewa. A tura kowace gaɓa ta shige har ƙarshe, don rabin-shiga shi ne ke kawo yawancin karaya.

Turakun da ke zuwa da tanti lanƙwashewa suke yi. Mene ne mafita?

Waɗancan siraran wayoyin an yi su ne don ƙasa mai laushi da ciyawa. Ƙasar rani, musamman jangargari da wurin marmara, ba sa shigarta. A je Ƙofar Ruwa a sayi rodi mai milimita 10, a kai wa mai walda ya yanka santimita 30-30, ya fiƙe baki ɗaya, ya lanƙwasa ɗayan kamar ƙugiya. Rodi guda mai mita 12 na ba da turke 40, wanda ya ishi tanti uku da rumfa. Kowanne kusan giram 185 ne. Masu tafiyar ƙafa sai su yi da rodi mai milimita 8 a santimita 25, wanda nauyinsa wajen rabin wancan ne. A shafa wa kawunan farin fenti, don a gan su da dare kuma kada a baro su a daji.

Ana kafa turke a karkace, kansa na kallon nesa da tanti. A wurin yashi, turke ba ya riƙewa komai tsawonsa: a ɗaure igiya a tsakiyar guntun itace, a binne shi a kwance zurfin kamu guda, a tattake. A kan falalen dutse kuwa sai a ɗaure a manyan duwatsu. Kuma a ɗaure igiyoyin gefe duka tun da rana. Sanda ba ta tsayar da tanti a gaban iska, igiya ce ke tsayar da shi.

Maciji da kunama fa?

Ƙasan tanti ya zama ɗinkakke da jikinsa, ya ɗago sama kamar baho aƙalla santimita 10. Tantin da ba shi da ƙasa, ko wanda ake shimfiɗa masa leda daban, ba ya hana kububuwa ko kunama, kuma kububuwa da dare take yawo. Zif ya kasance a rufe ko da fitsari aka fita, a haɗa kawunansa biyu a sama ba a ƙasa ba, don ɗan ramin da ke tsakaninsu kada ya zama ƙofa. Takalmi a shigar da shi cikin leda, in ya kwana a waje a kakkaɓe kafin a sa.

Tsidau da ƙarangiya da ƙayar farar ƙaya su ne ke kashe ƙasan tanti. A share wurin da tsintsiya ko reshe, sannan a shimfiɗa tamfol ko buhunan da aka farke aka haɗe. Shimfiɗar ta gaza girman tantin da ɗan yatsa uku ko huɗu a kowane gefe. In ta leƙo waje, ruwan da ya gangaro daga rufi a kanta zai taru ya kwanta a ƙarƙashinku.

Mai launin kakin soja ba ya fi ɓoyewa daga dabbobi ba?

A bar shi a shago. Dabba wari da motsi da hayaƙi take ji, launin tanti bai dame ta ba. Mutane kuwa ya dame su. A halin da dazuzzukan Arewa ke ciki, zango mai tantunan kakin soja da mutane riƙe da bindigogi abu ɗaya yake nunawa ga manomi, da makiyayi, da jami'in tsaro. A kan hanya ma, a shingen bincike, jaka mai wannan zane na jawo tambayoyin da ba a buƙata. A zaɓi ruwan ƙasa mai haske, ko ruwan toka, ko kore fili ba zane. Mai haske ya fi sanyi da rana. Baƙi da shuɗi mai duhu tanda ne.

Tanti kuma ba ya maye gurbin sallama. Kafin a kafa, a je gaban mai gari ko dagaci, a sanar da 'yan sanda da 'yan sintirin yankin, a riƙe katin ƙungiya da takardun bindiga. Gandun daji irin Falgore a nan Kano, ko Yankari a Bauchi, wurare ne da doka ta keɓe. Ba a farauta a ciki don an ga dama.

A ina ya kamata a kafa, kuma ƙofa ta kalli ina?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin farkon damina mai guguwa kuma yawanci daga gabas yake tasowa. Shi ya sa katangar gabas ce ke fara zaizayewa a gidajen ƙasa. Don haka ƙofa ta kalli yamma ko kudu maso yamma, a juya wa iska ƙeya ko gefen da ya fi ƙanƙanta.

A nemi ɗan tudu. Busasshen rafi na da yashi mai daɗin kwanciya, amma daga Mayu ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa na iya isowa cikin dare. A nisanci mashaya da taku sittin ko saba'in saboda sauro da dabbobi, kada kuma a tare burtali. Inuwa na da kyau, sai dai a ɗaga kai a duba: busasshen reshe, da amya ko zuma a kogon kuka, da 'ya'yan giginya da in ɗaya ta faɗo sai ta karya sanda. In ba inuwa, a ɗaura tamfol a saman tantin da tazarar kamu guda, iska ta riƙa wucewa tsakani.

Babban haɗarin rani gobarar daji ce, wadda sau da yawa mafarauta ne ma ke tayar da ita. A nome busasshiyar ciyawa mita 3 zuwa 5 kewaye da zango har ƙasa ta fito. Murhu ya yi nisan mita 5 aƙalla, ta ɓangaren da iska za ta kwashe tartsatsi nesa da tantuna. Tsakanin tanti da tanti a bar mita 2 zuwa 3.

Na gwanjo ya sayu?

Ya sayu, kuma wani lokaci na gwanjo mai suna ya fi sabo marar suna. Amma ba a sayen tanti a cikin jaka, ko a Ƙofar Wambai ne ko a Sabon Gari ko ta WhatsApp. A kafa shi gaba ɗaya a gaban mai kaya. A shafa cikin rufin: in yana danƙo, ko yana ɓarewa kamar ƙaiƙayi, ko yana tashin wari mai tsami, robar da ke hana ruwa ta mutu, kuma ba ta farfaɗowa. A shiga ciki a rufe a duba sama, duk ramin da ke akwai haske zai tona shi. A ja yadin da hannu biyu kusa da ƙoli, inda rana ta fi duka. Wanda ya ƙone yana ƙara kamar takarda. A ƙirga gaɓoɓin sanda, a ja kowane zif sau uku. A ƙarshe a zuba buta guda a kan ɗinki, mutum ɗaya na ciki yana kallo.

Manyan fararen tantunan agaji da kan ɓullo a kasuwa nauyinsu ya haura kilo 50, kuma asalinsu na waɗanda aka raba da gidajensu ne. Ko don wannan ma a bar su.

Karnuka da bindigogi da nama, ina wurinsu?

Karnuka a waje, a ƙarƙashin gefen rumfa ko wani guntun tamfol nasu. Farcensu na yaga ƙasan tanti, suna kawo kaska, ga kuma batun tsarkin wurin salla. A ɗaure su nesa da igiyoyi, don kare ɗaya da ya zabura kan tumɓuke turke uku.

Bindiga ba ta shiga tanti da ɗuri. Albarushi a gwangwani mai murfi, nesa da wuta, nesa da raɓa. Fiɗa da banda a yi su can gefe, taku talatin ko fiye, ta inda iska ke tafiya. Jini ko kitsen da ya taɓa yadi yana kiran kwarkwasa da kura, kuma in an koma gida ɓera ne zai bi warin ya huda tantin a ɗaki.

In tela ya ɗinka mana na tamfol fa?

Don rumfa, ya yi sosai. A ce masa ya ninka gefen sau biyu da igiya a ciki, ya sa ƙarfen ido kowane santimita 50 zuwa 60, ya ƙara faci a kusurwa huɗu. Don barci kuwa, tamfol na leda ba ya numfashi ko kaɗan. In dole ne, a bar gefe biyu a buɗe, kowa ya rataya gidan sauronsa a ƙarƙashi ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Da rani wannan tsari na aiki kuma ba tsada, sai dai kariyarsa daga maciji ba ta kai ta ɗinkakken tanti ba.

Zif ɗinmu ya daina kamawa tun fita ta biyu. Kuma yaya ake ajiye tanti har wata shekara?

Ƙura ce ta cinye cikin kan zif ɗin, ba haƙoran ne suka lalace ba. A goge haƙoran da tsohon buroshi, a mayar da kan zif farko, a matse bayansa da filaya kaɗan-kaɗan ana gwadawa. In aka matse da yawa fashewa yake yi. Kada a sa man gyaɗa ko baƙin mai, ƙura suke tarawa. In matsewar ta daina aiki, masu gyaran jaka suna sauya kan kawai.

Da an dawo, a kafa tantin a inuwa a kakkaɓe, a goge datti da ruwa da tsumma. Omo da injin wanki suna kankare robar. Sai ya bushe ƙarau ake naɗewa, musamman kambas, wanda fumfuna ke kamawa cikin kwana biyu ko uku in da laima. Kada a bar shi a but ɗin mota ko a saman silin ƙarƙashin kwano, zafi ke sa robar danƙo. A sa shi sako-sako cikin buhu, a rataye a ɗaki mai iska, ba a ƙasa ba. Sanduna da turaku a jakarsu daban, an ƙirga an rubuta adadin a jiki. Cikin watan Agusta, da laima ta yi yawa, wanda ƙungiya ta damƙa wa ajiyar ya fito da shi ya shanya na yini ɗaya.